Idon Gwani da Amanar Ciniki: Matsayin Masanin Duwatsu Masu Daraja

Dutse mai daraja yana cikin kayan ciniki ƙalilan da mai saye zai riƙe a tafin hannunsa, ya jujjuya shi a hasken rana, ya ɗora shi a sikeli, ya biya kuɗi, ya tafi gida bai san abin da ya saya ba. Bahaushe na cewa gani ya kori ji, amma a wannan kasuwa gani ba ya korar komai. Ana iya jera jajayen duwatsu huɗu a kan farin ƙyalle, girmansu ɗaya, walƙiyarsu ɗaya. Na farko jan yaƙutu ne yadda ya fito daga ƙasa, na biyu yaƙutu ne da aka gasa a wuta don launinsa ya fito, na uku a masana'anta aka haɗa shi, na huɗu kuwa gilashi ne kawai. Idon da bai koyi aikin ba ba zai raba su ba, alhali farashin na farko yana iya ninka na ƙarshe sau dubbai. Daga nan tambaya take tasowa, wadda ta shafi addini da hankali a lokaci guda. Yaya ciniki zai inganta a kan abin da ɗaya daga cikin masu cinikin, wani lokaci ma dukkansu biyu, bai san haƙiƙarsa ba? Idan kuma aka ce a koma ga masani, mene ne matsayin maganarsa, kuma wa zai tsare shi shi ma?

Masanin duwatsu masu daraja mutum ne da ya koyi gane dutse ta hanyar awo. Abin da ya fara ɗauka shi ne ɗan madubin hannu mai ƙara girman abu sau goma, ya kara shi a ido, ya leƙa cikin dutsen. Daga nan sai ya auna yadda haske ke lanƙwashewa idan ya shiga cikinsa, ya kuma auna nauyinsa idan aka gwama shi da ruwa mai daidai girmansa. Kowane irin dutse yana da lambobinsa da ba sa canzawa. Yaƙutu, ja ne ko shuɗi, ya ninka ruwa nauyi kusan sau 4, daimon sau 3.52, zumurrudu kuwa wajen sau 2.7. A ma'aunin tauri da Bajamushe Friedrich Mohs ya tsara a 1812, daimon yana mataki na 10, yaƙutu na 9, gilashi kuwa wajen 5 da rabi. Amma inda gwaninta take bayyana sosai shi ne a ƙarƙashin madubi. Yaƙutun da ya girma a cikin ƙasa yakan nuna layuka miƙaƙƙu masu kusurwa da wasu siraran allurai kamar zaren siliki. Wanda aka narka a masana'anta ta tsohuwar hanya layukansa a lanƙwashe suke, kuma akan ga ƙananan kumfar iska a ciki. Idan an gasa dutse da zafi mai yawa, alluran nan sukan narke su karkatse, su bar ɗigo-ɗigo a gurbinsu. Duk wannan labari yana rubuce a cikin abin da bai kai ƙwayar wake ba.

Wannan ilimi ya daɗe, kuma malaman Musulunci suna da babban kaso a cikinsa. Abu Raihan al-Biruni, wanda aka haifa a 973, ya rubuta littafi sukutum a kan sanin duwatsu masu daraja mai suna Al-Jamahir, a ƙarshen rayuwarsa a Gazna. Ya ƙera wata 'yar kwalba mai bakin zubar da ruwa, yana jefa dutse a ciki yana auna ruwan da ya zube, ya fitar da nauyin duwatsu da ƙarafa da lambobin da suka yi kusa ƙwarai da na yau. Bayansa al-Khazini ya rubuta Mizan al-Hikma a farkon ƙarni na 12, yana bayanin sikelin da ke raba zinariya tsantsa da gaurayayya, ya raba dutsen gaske da na jabu. A ƙarni na 13 Ahmad al-Tifashi, wanda ya zauna a Alƙahira, ya tsara nasa littafin yana bin kowane dutse da wurin haƙo shi, da aibobinsa, da farashinsa. Al-Biruni ya raba yaƙutu da wani jan dutse na Badakshan da ake kira la'al, abin da masana kimiyyar Turai ba su tabbatar ba sai a 1783. Shi ya sa babban jan dutsen nan da ke gaban kambin sarautar Ingila, mai nauyin kusan karat 170, wanda ya shiga hannun wani yariman Ingila a 1367, aka yi ɗaruruwan shekaru ana kiransa yaƙutu, alhali la'al ne, wanda yau ake ce wa sifinel. Fadar sarki ma ba ta tsira daga wannan ruɗu ba.

Abin da ya mayar da sanin duwatsu sana'a mai makaranta da jarrabawa shi ne bayyanar duwatsun masana'anta. A 1902 Bafaranshe Auguste Verneuil ya bayyana hanyar narka garin ma'adini da harshen wuta har ya daskare ya zama jan yaƙutu. Kasuwa ta rikice, domin tsoffin dabarun dillalai sun daina aiki. A 1908 ƙungiyar maƙeran zinariya ta Birtaniya ta kafa kwamitin koyar da ilimin duwatsu. A 1931 Robert Shipley ya kafa cibiyar GIA a Amurka, wadda a 1953 ta fitar da tsarin auna darajar daimon da duniya ke bi har yanzu: nauyi da karat, wanda kowane ɗaya kashi ɗaya ne cikin biyar na giram, sai launi daga harafin D zuwa Z, sai tsabtar ciki, sai kyawun yanka. A 1954 kamfanin General Electric ya haɗa daimon a ɗakin gwaji, kuma yau ana yin daimon na ado a masana'anta wanda ba ya bambanta da na ƙasa sai da na'urori masu tsada.

A shari'ar Musulunci mafarin maganar shi ne cewa sanin abin sayarwa sharaɗi ne na ingancin ciniki. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana cinikin garari, wato cinikin da ba a san abin da zai fito daga cikinsa ba, irin wanda ake kira cinikin biri a sama. Ya kuma hana algus. Muslim ya ruwaito cewa ya wuce wani mai sayar da abinci a tsibe, ya cusa hannunsa ciki ya ji danshi, ya tuhumi mutumin da ɓoye jiƙaƙƙen a ƙasa, ya kuma barranta daga mai ha'inci. Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, a Risala da ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, ya ba da ma'auni mai sauƙin riƙewa: bai halatta mai sayarwa ya ɓoye wani abu game da hajarsa ba matuƙar faɗinsa zai sa mai saye ya ƙi ta ko ya rage mata kuɗi. Da wannan ma'auni kaɗai ana iya warware rabin rigingimun kasuwar duwatsu.

Akwai hadisin da ya shafi kayan ado kai tsaye. Sahabi Fadala ɗan Ubaidu ya sayi sarƙa a ranar Khaibar a kan dinari 12, wadda aka haɗa zinariya da duwatsu a jikinta. Da ya warware ta sai ya tarar zinariyar da ke ciki ta fi dinari 12. Da aka gaya wa Annabi (SAW) sai ya yi umarni kada a sayar da irinta sai an raba zinariyar da duwatsun. Asalin hukuncin yana babin riba ne, domin zinariya da zinariya sai daidai wa daida, kuma yana aiki a yau duk sa'ad da mace ta kai tsohon gwal ɗinta don a musanya mata da sabo. Amma akwai darasi na biyu a ciki. Abin ado da aka haɗa daga abubuwa biyu yana ɓoye ƙimar kowannensu. Ana ɗora sarƙa mai duwatsu a sikeli a biya kuɗin gwal a kan nauyinta gaba ɗaya, ranar da aka dawo sayar da ita kuwa sai a cire nauyin duwatsun a ce ba su da kuɗi. Wanda zai iya cewa giram kaza zinariya ce mai karat 21, giram kaza kuma gilashi ne, shi yake yi wa mai saye rabawar da hadisin ya nema.

Malaman fiƙihu sun tattauna batun dutsen da aka saya bisa kuskure da zurfin da zai ba mai karatu na yau mamaki. Masu sharhin Mukhtasar na Khalil sun kawo misalin wanda ya sayar da wani abu da arha yana kiransa dutse kawai, daga baya ya bayyana yaƙutu ne mai kuɗi da yawa. A mashahurin zance na Malikiyya ciniki ya zauna, domin sunan da aka kira shi da shi gaskiya ne, yaƙutu dutse ne, kuma mai shi ya yi sakaci da bai bincika ba. Idan kuwa an kira shi da sunan da ba nasa ba, aka ce ga yaƙutu sai ya zama gilashi, ko aka ce ga gilashi sai ya zama zabarjadi, to akwai damar mayarwa. Hanafiyya sun fi tsanantawa: kundin dokokin ciniki na Daular Usmaniyya ta Turkiyya, Majalla, wanda aka kammala a 1876, ya ce wanda ya sayar da gilashi a matsayin daimon cinikinsa ɓatacce ne tun tushe, domin abin da aka ƙulla cinikin a kansa babu shi. Wata kotu a jihar Wisconsin ta Amurka ta kai ga irin hukuncin Malikiyya a 1885, a shari'ar wata mata da ta sayar wa mai shagon kayan ado wani ɗan dutse a kan dala 1, su duka biyu ba su san ko mene ne ba, sai ya zama ɗanyen daimon mai ƙimar wajen dala 700. Kotun ta ƙi warware cinikin. Abin da waɗannan hukunce-hukunce suka haɗu a kai shi ne cewa sunan da aka furta a lokacin ciniki shi ne ginshiƙi. Aikin farko na masani kenan: ya ba dutsen sunansa na gaskiya, ta yadda kalmar da aka rubuta a rasit za ta dace da abin da ke cikin akwati.

Zamani ya kawo abin da tsoffin misalai ba su hango ba. Yaƙutun masana'anta ba gilashi ba ne. Sinadarinsa, taurinsa da nauyinsa duk na yaƙutu ne, haka ma daimon na ɗakin gwaji daimon ne ta kowace fuskar awo. Saboda haka mai sayarwa yana iya rantsewa cewa yaƙutu ya sayar, kuma a zahirin lafazi bai yi ƙarya ba. Amma mai sayen ya biya kuɗin nan ne saboda yana zaton abu ne da ya yi shekaru miliyoyi a cikin ƙasa, wanda samun irinsa yake da wuya. Idan aka mayar da maganar ga ma'aunin Risala, amsar a fili take: da an faɗa masa, da ya rage kuɗi ko ya fasa, don haka yin shiru ha'inci ne ko da kowace kalma da aka furta gaskiya ce. Yin dutse a masana'anta da sayar da shi da sunansa halal ne, har ma ya sauƙaƙa wa masu ƙaramin ƙarfi yin ado. Hukumar kula da ciniki ta Amurka ta amince a 2018 cewa a kira na masana'anta daimon, amma da sharaɗin a bayyana cewa haɗa shi aka yi.

Batun gyaran dutse ya fi wannan sarƙaƙiya, domin matakai ne. Mafi yawan yaƙutun da ke kasuwa an gasa shi, kuma gyara ne mai ɗorewa da 'yan kasuwa suka daɗe da sabawa da shi. Mafi yawan zumurrudu ana ɗura masa mai a cikin tsagoginsa don su ɓace wa ido, amma man yakan bushe, tsagar ta dawo. Tun wajen 2004 kuma aka cika kasuwa da jan yaƙutu maras kyau wanda aka cike ramukansa da narkakken gilashi mai dalma. Ruwan lemun tsami ko wutar maƙeri na iya lalata shi. Wannan na ƙarshe ya yi kama da abin da hadisi ya hana na ɗaure hantsar akuya ko raƙuma kwana da kwanaki don mai saye ya zaci mai yawan nono ce, inda aka ba mai sayen zaɓin mayarwa. Wasu na kafa hujja da al'ada, su ce tunda kowa a kasuwa ya san ana gasa yaƙutu, ba sai an faɗa ba. Hujjar tana da ƙarfi tsakanin dillali da dillali. Ba ta da ƙarfi a gaban mutumin da ya shigo shago sau ɗaya a rayuwarsa don sayen kayan lefe, domin al'adar da bai sani ba ba ta zama yardarsa.

Har suna kansa yakan zama abin ja-in-ja. A ƙarshen shekarun 1980 aka gano wani dutse mai launin shuɗi-kore mai haske sosai a jihar Paraiba ta Brazil, wanda tagullar da ke cikinsa ce ke ba shi launin, aka sa masa sunan jihar. Wajen 2001 aka sami irinsa a Najeriya, daga baya kuma a Mozambik. A 2006 manyan ɗakunan gwaji suka amince a riƙa kiran duk mai wannan siffa da sunan Paraiba ko daga ina ya fito. Mai sayen da ya ji sunan zai zaci na Brazil ne, wanda ya fi tsada, sai fa idan takardar ta faɗi ƙasar da aka haƙo shi.

To, idan mai saye ya karɓi maganar masani, ya san dutsen kenan, ko kuwa ya dai musanya jahilci ɗaya da wani? Masu falsafa sun daɗe a kan wannan. John Hardwig ya yi bayani a 1985 cewa yawancin abin da mai ilimi yake riƙe da shi a matsayin sani bai gwada shi da kansa ba, ya karɓa ne daga waɗanda suka gwada, kuma wanda ya ƙi dogara da kowa zai ƙare da sani kaɗan ƙwarai. Musulunci bai taɓa ɗaukar wannan dogaro a matsayin aibi ba. Alƙur'ani, a Suratun Nahli da Suratul Anbiya, ya umarci wanda bai sani ba ya tambayi ma'abota sani. Annabi (SAW) ya riƙa aika Abdullahi ɗan Rawaha Khaibar don ya ƙiyasta dabino tun yana kan itace, aka kuma gina rabo a kan ƙiyasinsa. Ibn Farhun, alƙalin Madina da ya rasu a 1397, ya yi bayani a Tabsirat al-Hukkam cewa alƙali yana komawa ga masu sanin kowace sana'a wajen gane aibi da ƙimanta kaya. Khalil ma ya tafi a kan cewa idan ba a sami adalai masu sanin aibin ba, ana karɓar maganar waɗanda ba su cika sharaɗin adalci ba, ko da ba Musulmi ba ne, domin abin da ake nema a wurinsu sani ne. Wannan ya isa amsa ga mai shakkar ko ya halatta a dogara da takardar da ta fito daga ɗakin gwaji na Suwizalan, Amurka ko Tailan.

Sai dai dogaro iri biyu ne, akwai na makanta, akwai mai dalili. Malaman hadisi, waɗanda su ma ake tuhumarsu da yanke hukunci da abin da ba kowa ke gani ba, sun kwatanta aikinsu da na mai canjin kuɗi da mai sanin duwatsu. Ibn Abi Hatim ya ruwaito cewa wani mutum ya kawo wa mahaifinsa, Abu Hatim al-Razi, wasu hadisai, ya ce wannan ingantacce ne, wannan kuskure ne, wannan ƙarya ne. Mutumin ya zarge shi da da'awar sanin gaibu. Abu Hatim ya tura shi wurin Abu Zur'a ya tambaye shi ba tare da sun haɗa baki ba, sai hukuncin biyun ya zo daidai. Wannan ita ce hanyar da wanda ba gwani ba yake iya gwada gwani har gobe. Ba zai iya ganin abin da ke cikin madubin ba, amma yana iya kai dutsen wurin wani masanin dabam ya ga ko maganarsu za ta haɗu. Ilimin da ake iya maimaita awonsa a hannun wani shi ya cancanci a dogara da shi.

Ana buƙatar wannan tsaro domin masani mutum ne, yana kuskure, yana kuma iya cin amana. A ƙarshen 2001 wasu yaƙutai masu launin ruwan lemo da hoda suka cika kasuwar Tailan, ɗakunan gwaji suka yi watanni kafin su gano cewa an cusa musu wani sinadari ne mai suna beriliyam ta hanyar gashi. A 2005 cibiyar GIA da kanta ta sallami ma'aikata huɗu daga ɗakin gwajinta na New York bayan binciken zargin karɓar na goro don ɗaga darajar wasu duwatsu. Faɗin ƙasar da dutse ya fito, Kashmir ne ko Sirilanka, Bama ne ko Mozambik, ra'ayi ne da ake ginawa a kan alamomi, kuma manyan ɗakunan gwaji biyu kan saɓa a kan dutse ɗaya, alhali kalmar nan guda tana iya ninka farashi. Ga kuma takardun jabu, da takardun gaske da aka haɗa da dutsen da ba nasu ba. Shi ya sa manyan cibiyoyi suke ɓoye sunan mai dutse ga masu dubawa, suke sa mutum fiye da ɗaya ya duba, suke zana lambar takarda a gefen daimon da hasken leza, suke kuma ba da damar tabbatar da lambar ta intanet. Mafi muhimmanci shi ne kada mai dubawa ya kasance yana da rabo a cinikin. Shari'a ba ta karɓar shaidar wanda yake jawo wa kansa amfani da ita, kuma masanin da albashinsa ko la'adarsa ta rataya a kan a sallama kaya yana cikin wannan tuhuma ko da mutumin kirki ne. Bayanin mai shago mai takardar ƙwarewa yana da amfani, amma maganar mai kaya ce.

Akwai kuma iyakar da ilimin bai ƙetare ba. Takardar ɗakin gwaji tana faɗin mene ne dutsen, nawa ne nauyinsa, me aka yi masa. Ba ta faɗin kuɗinsa. Farashi yana bin ƙaranci da sha'awa da yayi, kuma mutane ne suke ƙulla shi da yardarsu. Farashin daimon na masana'anta ya faɗi warwas cikin 'yan shekaru ba tare da wani abu ya canza a jikinsa ba. Malikiyya a mashahurin zance ba sa warware ciniki don kawai an yi tsada ko arha, sai ga wanda ya sallama kansa ga abokin cinikinsa ya ce bai san kasuwa ba, a sayar masa yadda ake sayar wa mutane. Irin wannan idan aka cuce shi yana da haƙƙin mayarwa, kuma mafi yawan masu sayen duwatsu a wannan hali suke ko sun furta ko ba su furta ba. Ƙimantawa da kuɗi aiki ne dabam, kuma addini yana buƙatarsa a wurare sanannu: rabon gado, tsare dukiyar maraya, da zakkar ɗan kasuwa, tunda jumhurun malamai ba su wajabta zakka a kan duwatsun ado ba sai idan hajar kasuwanci ce, sa'annan a ƙimanta su. A nan ƙarin sifili ɗaya ko ragin sa yana cinye haƙƙin magaji ko na talaka. Abin da ake jingina wa wasu duwatsu na magani, farin jini ko kariya kuwa ba ya cikin abin da madubi ko sikeli ke aunawa, kuma masani mai gaskiya ba ya sa hannunsa a kai.

Yawancin maganar nan ana yin ta ne don kare mai saye, alhali a farkon sarƙar cinikin wanda bai sani ba shi ne mai sayarwa. A tsaunin Mambila na jihar Taraba da kudancin Kaduna ana haƙo shuɗin yaƙutu, a Nasarawa ana samun zumurrudu da danginsa, ana kai su kasuwar Jos, daga can da yawa su wuce Tailan da Sirilanka inda ake gasawa a yanke. Matashin da ya yi wata yana cikin rami yakan fito da dutsen da bai san ajinsa ba, ya miƙa wa wanda ya zo da tocila da madubi ya san komai. Annabi (SAW) ya hana tarar fatake a hanya a saye kayansu kafin su iso kasuwa su san farashi, ya kuma ba mai kayan zaɓi idan ya iso ya ga an kwashe shi da arha. Hikimar hanin tana nan daram a bakin ramin haƙar dutse. Hukuncin da ya gabata, na cewa ciniki ya zauna idan an kira abin dutse kawai, magana ce ta abin da alƙali zai zartar. Tsakanin mutum da Ubangijinsa akwai wani ma'aunin. An ruwaito cewa an saya wa sahabi Jarir ɗan Abdullahi doki a kan dirhami 300, ya ga ya fi haka, ya yi ta ƙara wa mai shi har 800, yana mai cewa ya yi wa Annabi (SAW) mubaya'a a kan yi wa kowane Musulmi nasiha. Ba a hana gwani cin ribar gwanintarsa ba, domin ya sha wahalar koyonta kuma yana ɗaukar kasadar asara. Abin da aka hana shi ne ya kushe dutsen da ya san mai kyau ne, ko ya ce da mai shi gilashi ne don ya karɓe a banza. Samar da ɗakunan gwaji masu zaman kansu kusa da wuraren haƙa, da koyar da 'ya'yan wurin wannan ilimi, yana cikin farillan da idan wasu suka yi an ɗauke wa saura, kamar yadda malamai suka faɗa game da kowace sana'a da jama'a ba sa wadatuwa ga barinta.

Ga mai saye kuwa fiƙihu ya riga ya tanadi ƙofa, wato ciniki bisa sharaɗin zaɓi na 'yan kwanaki don a gwada kaya ko a yi shawara. Wanda zai zuba dukiya mai yawa a dutse yana da damar ya sa a rubuta masa a rasit sunan dutsen, na ƙasa ne ko na masana'anta, da irin gyaran da aka yi masa, sannan ya gindaya cewa ciniki bai zauna ba sai masanin da ba shi da rabo a ciki ya duba. Takardar masani ba ta ɗauke wa mai sayarwa wajibcin faɗin abin da ya sani, kuma idan abin da aka rubuta ya saɓa wa abin da gwaji ya nuna, mai saye yana da haƙƙin mayar da kaya ya karɓi kuɗinsa cif.